Kusan shekara bakwai a harabar coci: yadda St. Theresa ta Jimeta ta riƙe 'yan gudun hijira

Wannan nazari ya bi diddigin abin da ya faru a haraba ɗaya, ta babban cocin Katolika na St. Theresa da ke Jimeta a jihar Adamawa, tun daga watan Satumban 2014 da mutanen arewacin jihar suka fara kwararowa cikinta suna gudun Boko Haram, har zuwa Afrilun 2021 da iyalan ƙarshe suka kwashe kayansu suka koma gidajen da aka gina musu. Ba a ambaci sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna a wurin ba.

Wurin da mutanensa kafin tashin hankalin

St. Theresa ita ce mazaunin bishop na dayosis ɗin Yola, wato yankin coci-cocin Katolika da bishop ɗin ke shugabanta. Tun 2011 wanda ke kan wannan kujera shi ne Bishop Stephen Dami Mamza, haifaffen Bazza a ƙaramar hukumar Michika. A tsarin cocin Katolika, Michika da Madagali da Mubi ba sa ƙarƙashin Yola, suna ƙarƙashin dayosis ɗin Maiduguri ne. Ke nan in takarda za a bi, mutanen da suka zo daga baya ba garkensa ba ne. Da yawansu ma ba Katolika ba ne, domin cocin da ta fi ƙarfi a wannan yanki ita ce EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, ga kuma Musulmi masu yawa.

Yankin ƙasar duwatsu ce da ta jingina da tsaunukan Mandara a kan iyakar Kamaru. Margi, Higi masu kiran kansu Kamwe, Kilba, Fali, Gude, Fulani da Hausawa duk suna zaune a nan. Manoma ne na dawa, masara, wake da gyaɗa, mutanen Michika kuma sun yi suna a kasuwanci. Ba baƙon abu ba ne a gida ɗaya a sami wa yana zuwa coci, ƙane yana zuwa masallaci.

A Mayun 2013 aka sa Adamawa cikin dokar ta-ɓaci tare da Borno da Yobe. A lokacin da aka fi buƙatar gwamnati ta zauna da gindinta kuwa, kujerar gwamna ba ta da tabbas. An tsige Murtala Nyako a Yulin 2014, kakakin majalisa Ahmadu Umaru Fintiri ya yi riƙon ƙwarya, sannan a ranar 8 ga Oktoba kotu ta miƙa mulki ga Bala Ngilari. Mutum uku a cikin wata uku.

Agusta zuwa Nuwamba 2014: garuruwa suna faɗuwa

Gwoza ta faɗi a farkon Agusta, kuma a ranar 24 ga watan Abubakar Shekau ya fito a bidiyo yana shelar daularsa. Kafin watan ya ƙare an shiga Madagali. Gulak ta bi baya a makon farko na Satumba. Ranar Lahadi 7 ga Satumba aka kama Michika, daga nan sai Bazza. A ranar 29 ga Oktoba Mubi ta faɗi, gari na biyu a girma a jihar, kuma a ranar ce aka mamaye hedkwatar EYN da ke Kwarhi. Maharan suka sauya wa Mubi suna zuwa Madinatul Islam. A tsakiyar Nuwamba suka taɓa Hong da Gombi, wato saura kilomita ɗari da 'yan kai su iso Yola.

Abubuwa biyu ne suka sa gudun ya fi muni. Na farko, da yawa daga waɗanda suka bar Michika da Madagali a Satumba Mubi suka nufa, wurin dangi, sai ga shi bayan mako bakwai sun sake cewa ƙafa me na ci ban ba ki ba, wannan karon ba tare da ɗan abin da suka tsira da shi a karon farko ba. Na biyu, lokacin ya faɗo daidai bakin kaka. Dawa tana tsaye a gona, wake bai shiga rumbu ba, shanu da awaki suna ɗaure. Manomin da ya gudu a watan Oktoba ya bar abincin shekara guda a bayansa, har da irin da zai shuka baɗi.

Wasu sun kwana kwanaki a kan duwatsu. Wasu sun tsallaka Kamaru suka zagayo. Wasu sun taka a ƙafa har sai da suka sami tifa ko tirela da ta kwashe su. An rabu da yara a hanya, an bar tsofaffin da ba sa iya tafiya. Ƙiyasin da aka yi ta ambata a lokacin shi ne mutum kusan 400,000 sun shigo Yola da kewayenta, abin da ya ninka yawan mutanen garin.

Makonnin farko: an buɗe ƙofa

Matakin farko da dayosis ɗin ya ɗauka shi ne buɗe duk ginin da yake da rufi: harabar babban cocin, ɗakin taro, azuzuwan makaranta da cibiyoyin horarwa. A bayanan da bishop ɗin ya yi wa manema labarai daga baya, ya ce a lokacin da abin ya fi tsanani mutum sama da 3,000 ne ke kwana a wuraren cocin, kuma ba a tambayi kowa addininsa ko ɗarikarsa a bakin ƙofa ba. Shi kansa yana cikin masu makoki, don rikicin ya ci 'yan'uwansa na jini a can gida.

Gwamnati ta buɗe nata sansanonin, irin su sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare, da Malkohi, daga baya kuma Fufore, a ƙarƙashin kulawar hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, da takwararta ta jiha. Sai dai ƙididdigar hukumar kula da ƙaura ta duniya, IOM, ta nuna cewa kusan 9 cikin kowane mutum 10 da suka rasa matsuguni a arewa maso gabas ba sa cikin sansani. Suna gidajen dangi, gidajen 'yan garinsu, kangaye da gine-ginen da ba a ƙarasa ba. Wannan ya ɗora wa cocin kaya biyu. Ga waɗanda ke kwance a harabarta, ga kuma membobinta na cikin gari, ƙaramin ma'aikaci mai ɗaki biyu da ya wayi gari da baƙi ashirin ko talatin, albashinsa ya ƙare kafin goma ga wata, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba.

Duk shirin da aka yi a waɗannan makonni shiri ne na ɗan lokaci. Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne, kuma kowa, har da su masu gudun, ya ɗauka cewa sojoji za su ƙwato garuruwan cikin 'yan makonni a koma girbi. Saboda haka tabarmi aka nema, da manyan tukwane, da barguna, kuɗin kuwa daga baikon Lahadi da aljihun jama'a. Zumuntar mata da matasan coci da katikis-katikis, wato masu koyar da addini a coci, suka ɗauki aikin girki da shara da rajista. Ginin da aka yi don taron awa biyu ya koma wurin kwana da wanka da jinya. Makewayi bai isa ba, ruwa bai isa ba, ga hunturu yana ƙaratowa, ga mata masu ciki da haihuwarsu ba za ta jira a ƙwato Michika ba. Abin da masu kula da wurin suka fi tsoro shi ne gudawa da ƙyanda, waɗanda ke saurin yaɗuwa a duk inda yara suka cunkushe.

Ƙarshen 2014 zuwa farkon 2015: abinci

Baikon coci ɗaya ba zai ciyar da dubban mutane wata da watanni ba, kuma agajin ƙasashen waje bai zo da wuri ba. Hankalin duniya a 2014 yana kan 'yan matan Chibok da cutar Ebola, abin da ya iso kuma yawanci sansanonin gwamnati ya nufa, inda tsiraru ne kawai suke.

Abin da ya cike giɓin wata ƙungiya ce da aka kafa tun kafin a san za a shiga wannan hali. A Janairun 2012, bayan harin da aka kai wani coci a Jimeta da kashe-kashen da aka yi a Mubi, Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola, wadda aka fi sani da AUN, ta tara malaman addini da shugabannin al'umma da 'yan kasuwa suka kafa ƙungiyar zaman lafiya mai suna Adamawa Peace Initiative. Shugabar jami'ar ta lokacin, Margee Ensign, tana ciki, Bishop Mamza yana ciki, Imam Dauda Bello yana ciki. Sun shafe fiye da shekara biyu suna zama tare kafin masu gudun su iso, don haka da abin ya zo ba sai an fara gabatar da juna ba. Jami'ar ta nemo kuɗi ta sayi hatsi, coci da masallaci suka kawo sunaye, domin limami da katikis ne suka san wane gida ne a wace unguwa ke ɗauke da baƙi. A lissafin jami'ar, mutum sama da 250,000 suka amfana da wannan rabo.

St. Theresa na ɗaya daga cikin manyan wuraren rabon, tare da harabobin ƙungiyoyin Musulmi na garin. Mata ake kira. Tun da sassafe sukan cika bencinan cocin har waje, mai ɗankwali kusa da mai hijabi, goyo a baya, wani yaron riƙe da gefen zane. Ana kiran suna ko lamba, mace ta tashi ta karɓi masara ko shinkafa da wake, da ɗan man girki da gishiri, ta ɗaure bakin buhun da tsumma, wata ta taya ta ɗorawa a ka. Dalilin zaɓen mata a fili yake: abin da ya shiga hannun uwa tukunya yake nufa, kuma iyalai da dama ba su da sauran namiji babba, ko an kashe shi ko ba a san inda yake ba.

Rabon ya hana mutuwa da yunwa a gari mai cike da baƙi, amma yana da iyakarsa. Abin da mace ta karɓa na 'yan kwanaki ne ga gida mai baki goma. Masara sai an kai niƙa, niƙa sai da kuɗi, girki sai da itace, don haka dole wasu su sayar da mudu ɗaya ko biyu kafin su iya cin sauran. Kuma kowane rabo yana jiran wani mai bayarwa ya sake buɗe hannu.

2015: komawa gida da bama-bamai a Yola

Mafarauta da 'yan banga tare da sojoji sun ƙwato Mubi tun tsakiyar Nuwamban 2014. Michika ta dawo a ƙarshen Janairun 2015, Madagali a Maris, Gwoza kuma ranar 27 ga Maris, kwana ɗaya kafin zaɓen shugaban ƙasa. Da damina ta matso, mafi yawan waɗanda ke harabar cocin suka tattara suka tafi. Ba wanda ya kore su. Manomi ya san in ya rasa shukar bana bayan ya rasa girbin bara, shekara biyu ke nan babu hatsi a rumbu.

Sun tarar da gidaje da coci-coci da masallatai a ƙone, rumbuna a wawashe, gadar Kudzum a karye, da fargabar abubuwan fashewa a gona da hanya. Sun kuma tarar da abin da ya fi wuyar gyarawa, wato zargi tsakanin maƙwabta: wa ya zauna lokacin mamayar, wa ya nuna gidan wa, wa ya sayi kayan wa. A Michika abin ya kai har kasuwa ta rabu biyu, Kiristoci suna ci ran Asabar, Musulmi ran Lahadi. Duk da haka, ga mutanen manyan garuruwan kan titi, komawar ta ɗore. Yawan mazauna harabar cocin ya sauko daga dubbai zuwa ɗaruruwa.

Yola kanta ba ta tsira ba a wannan shekara. An tayar da bam a kasuwar Jimeta ranar 4 ga Yuni. Ranar 11 ga Satumba bam ya tashi a cikin sansanin Malkohi ya kashe aƙalla mutum 7. Ranar Juma'a 23 ga Oktoba aka kai hari masallacin Jambutu, ranar 17 ga Nuwamba kuma aka sake tayar da wani a wurin kasuwanci a Jimeta, mutum sama da 30 suka mutu. Harin Malkohi ya girgiza duk mai riƙe da sansani, domin ya nuna cewa wurin da aka tara waɗanda suka tsere shi ma abin hari ne. Daga nan tsaro ya tsananta a ko'ina, ana bincike a ƙofa, ana sa ido a kan baƙuwar fuska. Ga cocin da ke taron dubban masu sujada kowace Lahadi a haraba ɗaya da sansani, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne, amma ba a rufe sansanin ba.

2016 zuwa 2019: waɗanda suka rage

Waɗanda suka rage mutanen ƙauyukan da ke bakin dajin Sambisa ne, inda sojoji ke iya riƙe babban gari amma ba sa iya tsare gonar da ke nesa da shi. A cikinsu akwai gwauraye mata da marayu da tsofaffi masu yawa. Duk lokacin da aka fara zancen komawa sai wani labari ya iso. Ranar 9 ga Disamban 2016 'yan ƙunar baƙin wake biyu suka kashe mutane da dama a kasuwar Madagali. A Nuwamban 2017 aka far wa Gulak, kuma ranar 21 ga watan aka kashe kusan mutum 50 a wani masallaci a Mubi lokacin sallar asuba. A Maris 2019 aka sake shiga Michika. Mutumin da ya ce ba zai koma ba yana da hujja a hannunsa.

A daidai lokacin ne taimako ya fara ja da baya. Daga tsakiyar 2016, da aka ga irin yunwar da ke Bama da sauran garuruwan Borno, manyan ƙungiyoyin agaji suka karkata can, kuma ba za a ga laifinsu ba. A shekarar ce tattalin arzikin Najeriya ya shiga matsi, naira ta faɗi, farashin buhun masara ya haura. Membobin cocin da suka yi ta bayarwa tun 2014 su ma suna fama da nasu gidajen. Bishop ɗin da kansa ya faɗa cewa masu bayarwa sun gaji.

Kamar a sauran sansanonin Yola, an gwada koyar da sana'ar hannu da ba da ɗan jari. Ya taimaki wasu matan, masu suyar ƙosai da masu ɗinki da masu saƙa. Maza kuwa sai ƙwadago a gonakin bayan gari, ko aikin lebura a wurin gini, ko aron gona nesa da inda suke kwana. Abin da aka samu hannu baka hannu ƙwarya ne, bai kai kuɗin haya a Jimeta ba. Matsalar ta asali tana nan: an ajiye manoma a tsakiyar birni, a kan siminti.

Akwai kuma ɓarnar da ba ta shiga rahoto. Miji da mata sun shekara da shekaru ba su da ɗakin kansu. Uba ba ya iya tsawata wa ɗansa sai a gaban mutum hamsin. Budurwa ta girma ba ta da inda za ta sauya kaya sai bayan zanen da aka rataya. Yaron da aka haifa a ƙarshen 2014 ya isa shiga firamare bai taɓa ganin mahaifiyarsa ta buɗe rumbu ta ɗebo hatsin da za ta dafa ba, abin da ya sani shi ne layi. Dattijon da a garinsu shi ake kai wa ƙara ya koma mai jiran a kira sunansa. Ita ma cocin ta rasa amfanin gine-ginenta na tsawon shekaru.

Hanyoyin da suka rage kaɗan ne. A matsa musu su koma, wanda ke nufin tura gwauraye da yara bakin daji. A miƙa su ga sansanin gwamnati, wanda sauya wurin layi ne kawai. A ba su kuɗin haya, wanda zai ƙare cikin shekara. Ko a nemi fili a gina musu gidaje na dindindin. Dayosis ɗin ya ɗauki ta ƙarshe.

2020 zuwa Afrilun 2021: gini

Kuɗin ginin ya fito ne daga Missio, ƙungiyar Katolika ta birnin Aachen a Jamus. An samu fili a Sangere-Marghi, ƙaramar hukumar Girei, a hayin Binuwai, wajen gari inda ake noma. An fara aiki a farkon 2020, a cikin watan da ya zo da baƙin labari: ranar 2 ga Janairu aka kai hari Michika aka tafi da Rabaran Lawan Andimi, faston EYN kuma shugaban ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, na ƙaramar hukumar, aka kashe shi ranar 20 ga watan. A Fabrairu aka ƙona sassan Garkida. Bayan haka annobar korona ta zo da kulle. Aikin bai tsaya ba.

An gina gidaje 86 don iyalai 86, da makaranta da coci. Ranar 12 ga Afrilun 2021 aka yi bikin buɗewa, kuma wanda ya buɗe shi ne Gwamna Ahmadu Umaru Fintiri, ɗan Gulak, mutumin da ke riƙon jihar a makon da garinsu da Michika suka faɗi. Daga ranar da aka fara shimfiɗa tabarma a St. Theresa zuwa wannan rana, shekara 6 ne da wata 7.

Masallacin

A cikin iyalan 86 akwai na Musulmi kimanin 10 zuwa 12. Tsarin farko yana da coci, ba shi da masallaci. Bishop ɗin ya yanke shawarar a gina, kuma da kuɗin dayosis aka yi shi, ba da na Jamus ba. Hujjar da ya bayar a bainar jama'a ita ce, waɗannan mutane sun zauna tare tun farko, Boko Haram ta kore su tare, kuma ba daidai ba ne a tanadar wa wasu wurin ibada a bar wasu.

Shawarar ta jawo masa suka daga cikin gida. Wasu Kiristoci sun ce ba aikin coci ba ne, wasu sun ce ga majami'u birjik a ƙone a Michika da Madagali da Borno ba a sake ginawa ba. Masu wannan magana ba mugaye ba ne. Akwai waɗanda suka binne 'yan'uwansu, akwai waɗanda har lokacin suke sujada a ƙarƙashin bishiya, kuma rai mai ciwo yana da haƙƙin ya yi tambaya. A ɗaya ɓangaren, shugabannin Musulmi a jihar da wajenta sun yaba, labarin ya bazu a jaridun ƙasa da na waje, har ya kusa rufe labarin gidajen kansu.

Abin da ya yi aiki, da abin da bai yi ba

Buɗe ƙofa ba tare da tantance addini ba shi ne matakin da sauran duka suka tsaya a kansa. Iyalan yankin a gauraye suke, da an ce Katolika kaɗai za su shiga, da an raba uwa da ɗanta a bakin ƙofa. Kuma wannan matakin ne ya sa cocin ta zama wurin da Musulma za ta shiga ta karɓi hatsi hankali kwance, ya sa jami'a da limamai suka iya aiki da ita. A ganina masallacin 2021 cikon alkawari ne da aka ɗauka tun 2014 ba tare da an furta ba. Wanda ya karɓi mutum shekara shida bai tambaye shi inda yake fuskanta in zai yi addu'a ba, ba zai kai shi sabon gida ya ce masa ya nemi wurin salla a wani gari ba. Na fahimci ciwon masu suka, amma bishop ɗin ne ke da gaskiya.

Abu na biyu da ya yi aiki shi ne sanayyar da aka gina kafin bala'i. Rabon abinci na 2014 ya yi sauri ne saboda mutanen da suka tsara shi sun san juna tun 2012, kuma ya kai ga baƙin da ke ɓoye a gidajen unguwanni saboda ya bi ta hannun waɗanda suka san ƙofar kowane gida. Hukumar da ta zo daga Abuja ko daga waje ba ta da wannan ilimin, kuma ba a sayen sa da kuɗi a mako guda.

Abin da ya gaza shi ne lissafin cewa zaman na ɗan lokaci ne. A 2014 lissafin ba laifi ba ne, kowa haka ya zata, kuma ga mafi yawan mutanen ya zama gaskiya. Amma zuwa ƙarshen 2016 ya bayyana cewa akwai rukunin da ba za su koma ba nan kusa, sai aka ci gaba da riƙe su da tsarin gaggawa har wasu shekaru uku kafin a sa harsashi. Ba a rasa dalili ba: fili da kuɗin gida 86 ba sa hannun coci ɗaya, su kansu mazaunan zuciyarsu tana gida, kuma tsugunar da 'yan ƙasa aikin gwamnati ne tun asali. A nan ne laifin ya fi nauyi a kan hukuma, don bai kamata a jira kuɗi daga Aachen kafin 'yan Adamawa su sami ɗaki a Adamawa ba. Duk da haka shekarun nan uku yara ne suka biya su, da ƙuruciyarsu.

Koyar da sana'a da ɗan jari sun rage zafi, ba su fitar da kowa daga harabar ba. Abin da ya fitar da su shi ne ɗaki mai ƙofa da makulli a wurin da za a iya riƙe fartanya. Shi ma yana da iyaka. Iyalai 86 ɗigo ne a cikin dubban da suka rage a Malkohi da Fufore da unguwannin Yola, kuma 'ya'yan da suka shiga gidajen suna ƙanana za su isa aure su buƙaci nasu ɗakin da tasu gonar. Ga duk coci ko masallacin da irin wannan ya faɗo masa, abin da za a gyara a tsarin St. Theresa shi ne lokaci: da zarar rukunin farko sun koma gida, a zauna da waɗanda suka rage gida-gida, a tantance wa zai iya komawa a damina mai zuwa, wa ba zai iya ba, a fara neman fili da takardunsa a shekarar, tun masu bayarwa ba su gaji ba.